Tunda ƙahon karkanda yana sake tsirowa, me zai hana a yi kiwonta a riƙa sayarwa?

"Assalamu alaikum Likita. Ni mazaunin Garwa ne a arewacin Kamaru. Marigayi kakana yakan ba mu labari cewa a ƙuruciyarsa ya sha ganin karkanda a dazukan da ke gefen kogin Binuwai, amma ni ban taɓa ganinta ba sai a talabijin. Kwanan baya na kalli wani bidiyo daga Afirka ta Kudu inda wasu mutane suka kayar da karkanda suna yanke mata ƙaho da zarto, aka ce wai don kare ta suke yi, kuma ƙahon zai sake fitowa. To Likita, mene ne a cikin wannan ƙaho da har ake kashe dabba sukutum saboda shi? Kuma tunda yana sake tsirowa, me zai hana a riƙa kiwon karkanda kamar shanu, ana yanke ƙahon ana sayar wa masu buƙata, kowa ya huta? Allah ya ƙara basira."

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Malam, Allah ya jiƙan kakanka. Tambayar taka biyu ce a haɗe. Ta farko tana neman abin da ya ba ƙahon daraja, ta biyu kuwa, wadda ta fi nauyi, tana neman sanin ko halatta cinikinsa zai tsayar da kisan. Wannan ta biyun ta raba kan masana da masu gandun daji gida biyu shekara da shekaru, kuma har yau ba su daidaita ba. Zan faɗa maka inda na tsaya, amma sai na fara da kakanka, domin gaskiya ya gaya muku, kuma a ƙasarku aka yi wa irin karkandar da ya gani ganin ƙarshe.

Masana suna kiranta baƙar karkanda ta yamma, wani reshe ne na baƙar karkanda da a da yake yawo daga arewa maso gabashin Najeriya har zuwa kudancin Chadi da Afirka ta Tsakiya. Farautar zamanin mulkin mallaka da faɗaɗar gonaki ne suka fara cin ta, masu neman ƙaho suka zo suka ƙarasa, har ya zama ba ta rage a ko'ina ba sai a arewacin Kamaru, a yankin gandayen dajin Binuwai da Buba Njida. Zuwa shekarar 2000 ƙiyasin da ake yi bai wuce guda goma ba, su ma a warwatse, ta yadda namiji zai iya ƙare rayuwarsa bai haɗu da mace ba. A 2006 wata tawagar masu bincike ta yi watanni tana ratsa dazukan nan, ba ta ga dabbar ba, ba ta ga kashinta ba, sawun da aka riƙa nuna mata kuwa ya tabbata na jabu ne, wasu masu bin sawu ne suke zana shi a ƙasa, da alama don kada aikin ya tsaya abincinsu ya yanke. A 2011 ƙungiyar IUCN, mai riƙe da kundin halittun da ke bakin ƙarewa, ta sanar cewa wannan reshe ya shuɗe daga doron ƙasa.

Iri biyar ne suka rage a duniya, kuma duka a haɗe ba su kai 30,000 ba. Biyu suna Afirka, fara da baƙa, ko da yake sunayen suna ruɗarwa, domin dukansu launin toka gare su. Bambancin yana baki, farar mai faffaɗan leɓe ce mai kiwon ciyawa, baƙar kuwa mai tsinin leɓe ce mai figar ganyen itatuwa kamar akuya. Sauran ukun suna Asiya, ta Indiya da ta Jawa da ta Sumatra, kuma biyun ƙarshe kowacce ba ta kai ɗari ba.

Abin da ke cikin ƙahon

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta ya san ƙahon sa kube ne kawai, a cikinsa akwai ƙashi da ya tsiro daga ƙoƙon kai, shi ya sa idan ya karye sai jini. Na karkanda ba haka yake ba. Dunƙulallen keratin ne tun daga gindi har tsini, wato sinadarin da ke cikin farcenka da gashinka da kofaton doki, kuma a kan fatar hanci yake zaune, yana tsirowa daga ƙasa kamar farce. Babu wani ingantaccen gwajin asibiti da ya nuna yana warkar da ciwon daji, kuma ko a kan zazzaɓi, wanda shi ne asalin abin da ake shan sa dominsa, bai kamo ƙafar ƙwayar farasitamol ba. Darajarsa a zukatan masu saye take, masu sayen kuma sun sauya fiye da sau ɗaya.

A shekarun 1970 da 1980 babbar kasuwar tana Yaman, inda ake yin mariƙin janbiya da shi, wato lanƙwasasshiyar wuƙar ado da maza suke sokewa a ɗamara. Arzikin man fetur ya buɗe a Saudiyya, 'yan Yaman suka tafi ci-rani suka dawo da kuɗi, sai wuƙa mai mariƙin karkanda, wadda a da sai manyan gari, ta zama abin da kowane saurayi yake buri. A gefe guda kuma akwai maganin gargajiya na ƙasar Sin da maƙwabtanta, inda tun ƙarni masu yawa ake niƙa shi a haɗa da wasu sassaƙe-sassaƙe don zazzaɓi mai zafi da jijjiga. Maganar da ake yawan yi cewa maganin maza ne ba daga can ta samo asali ba, Turawa ne suka yayata ta, abin takaici kuma yawan maimaita ta ya sa wasu masu saye a yau sun fara gaskatawa. Waɗannan kasuwanni biyu su ne suka mayar da baƙar karkanda daga kimanin 65,000 a 1970 zuwa kusan 2,400 a tsakiyar shekarun 1990. Yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin namun daji da tsirrai a duniya, ta haramta cinikin ƙahon tsakanin ƙasashe tun 1977, amma haramcin bai yi haƙori ba sai da Sin ta cire shi daga jerin magungunanta a 1993, Yaman kuma ta shiga yarjejeniyar a 1997. Daga nan aka samu lafawa ta kusan shekara goma, har wasu suka ɗauka an gama.

A 2007 karkanda 13 kacal aka kashe a Afirka ta Kudu. A 2010 adadin ya kai 333, a 2014 kuma 1,215, wato fiye da uku a kowace rana. Abin da ya sauya shi ne sababbin masu kuɗi da suka taso a Biyetnam, tare da wata jita-jita da ta bazu cewa wani babban jami'in gwamnati ya warke daga ciwon daji bayan ya sha ƙahon, jami'in da har yau ba a nuna shi ba. Aka riƙa sayar da wasu tasoshi masu kaushin ciki da ake goga ƙahon a kai da ruwa har ya yi fari kamar tsinkakken nono, attajirai suna sha bayan sun kwana shan giya, wasu kuma suna kai guntunsa kyauta ga maigida ko abokin ciniki don a san ko su wane ne. A Sin ma buƙatar ta koma ga awarwaro da duwatsun wuya da ƙananan kofuna, kayan da ake saye a ajiye da fatan farashinsu zai tashi. Ka lura da wannan na ƙarshe, domin zai dawo mana: wanda ya ajiye ƙaho yana jiran ya yi tsada, ƙarewar dabbar riba ce a gare shi. Wannan kasuwa ba ta bar ko karkandar gida ba, domin a 2010 aka tsinci gawar ta ƙarshe da ta rage a Biyetnam a gandun dajin Cat Tien, da harsashi a ƙafa, an cire ƙahon.

Yadda kisan yake gudana

Gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu, wanda a da ya fi ko'ina yawan karkanda a duniya, girmansa ya kusa na Jihar Kano, kuma gabashinsa duka iyaka ce da Mozambik. Mafarautan galibi uku suke shiga, ɗaya da babbar bindigar farauta mai na'urar rage ƙara, ɗaya da gatari, ɗaya da ruwa da guzuri, kuma sun fi son daren farin wata saboda ba sai sun kunna fitila ba. Karkanda tana da hanci da kunne masu kaifi amma idonta raunana ne, saboda haka wanda ya san yadda ake bin iska zai iya matsowa kusa da ita ƙwarai. Harbi ɗaya ko biyu, sai gatari, kuma ba sa tsayawa su tabbatar ta mutu. An sha tarar da dabba da rai an sare mata rabin fuska. Daga sama da 10,000 a 2010, karkandar Kruger ta ragu zuwa kusan 2,000 cikin shekara goma sha biyu.

Waɗannan samari uku su ne ƙasan tsani. A samansu akwai mai ba da bindiga da mota, a samansa akwai mai tarawa a birni, sai mai fitarwa ta filin jirgi ko tashar ruwa, sai dillalin Asiya, kuma kuɗin yana ninkuwa a kowane mataki, ta yadda wanda ya sa ransa a daji shi ne mafi ƙarancin rabo. Idan aka kama shi ko aka harbe shi, washegari akwai wani a ƙauyen da zai maye gurbinsa, an kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. Sannan sai da ɗan gari akan ci gari. An gurfanar da masu gadin daji da 'yan sanda a gaban kotu kan sayar da bayanin inda dabbobi suke da hanyar da 'yan sintiri za su bi, wanda ya ƙi ba da haɗin kai kuma yana iya rasa ransa, kamar Anton Mzimba, shugaban masu gadin gandun Timbavati, wanda aka harbe a ƙofar gidansa a watan Yulin 2022. Da karkanda ta yi ƙaranci a Kruger, sai gungun suka koma kudu: cikin 499 da aka kashe a Afirka ta Kudu a 2023, guda 307 a gandun Hluhluwe-iMfolozi ne, wato ainihin wurin da aka ceto farar karkanda ta kudu lokacin da ba ta kai ɗari ba a ƙarshen ƙarni na 19.

Abin da ka gani a bidiyon

Na yi wannan aiki da hannuna tare da wata tawagar likitoci a wani gandu mai zaman kansa da ke maƙwabtaka da Kruger, saboda haka bari in kai ka kusa. Da sassafe ake fita, kafin rana ta yi zafi, domin dabbar da aka sa wa maganin barci ba ta iya daidaita zafin jikinta. Likita ɗaya yana cikin ƙaramin jirgi mai saukar ungulu, shi ne zai harba allurar a ƙugunta. Maganin da ake sa wa a ciki, etofin, yana da ƙarfin da ɗigon da bai kai cokali ba yake kayar da dabba mai nauyin sama da tan biyu, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa yana iya kashe mutum, shi ya sa maganin karya shi ba ya barin aljihunmu. Bayan 'yan mintoci sai ka ga ta fara wani taku na ɗaga ƙafa sama-sama kamar dokin sukuwa, matuƙin jirgin yana kora ta zuwa fili kusa da hanya don kada ta faɗa kwazazzabo. Mu da ke ƙasa sai mu ruga, a jefa mata ƙyalle a ido, a toshe kunnuwanta, a kwantar da ita kan ƙirji, a zura mata bututun iskar oksijin a hanci, mutum ɗaya kuma ba shi da wani aiki sai ƙirga numfashinta da babbar murya.

Sai a auna kamar faɗin yatsu huɗu daga gindin ƙahon a ja layi, domin ƙasa da nan akwai tsoka mai rai wadda ƙahon yake tsirowa daga gare ta, idan aka taɓa ta za a yi jini kuma sabon ƙahon zai fito a karkace. A shimfiɗa tamfol a ƙarƙashin kanta, a tayar da zarto mai inji. Abin da ba ya fita a bidiyo shi ne ƙauri, irin wanda kake ji a wurin masu babbaka kai da ƙafa ranar Babbar Sallah, ga fararen ɓarɓashi suna tashi suna manne wa mutum a gira. Bayan an yanke sai a goge gefen kututturen ya yi sumul, a shafa masa mai don kada ya tsage, a tattara ɓarɓashin nan kaf a zuba a jaka, saboda shi ma kuɗi ne. A auna ƙahon, a sa masa lamba, a ɗebi jini da gashi don rumbun bayanan ƙwayoyin halitta da ke Jami'ar Pretoria, wanda da shi ake iya haɗa ƙahon da aka kama a filin jirgin wata ƙasa da gawar da aka ciro shi daga jikinta. Daga nan a yi mata allurar farkarwa a jijiyar kunne, kowa ya koma mota, cikin minti biyu ta miƙe tana huci. Duka aikin ba ya wuce minti ashirin zuwa talatin, kuma yankan ba ya mata zafi, kamar yankan farce ne.

Namibiya ce ta fara wannan dabara a 1989. Shekaru ana gardama kan ko tana aiki, sai a 2025 aka wallafa wani bincike a mujallar Science da ya bi gandaye 11 na yankin Kruger daga 2017 zuwa 2023. A wannan tsakani an kashe karkanda kusan 2,000 a cikinsu duk da an zuba kimanin dala miliyan 74 a kan tsaro, wato 'yan sintiri da karnuka da jirage da kyamarori. Gandayen da suka yanke ƙaho kuwa sun ga kisa ya ragu da kashi 78 cikin ɗari, alhali yankan bai ci fiye da kashi ɗaya da ɗigo biyu cikin ɗari na kuɗin ba. Ni kaina wannan sakamako ya wuce abin da na zata.

Amma kada ka ɗauke shi maganin ciwon. Ƙahon yana ƙaruwa da 'yan santimitoci kowace shekara, dole a maimaita aikin duk bayan wata 18 zuwa 24, kuma kowace kayarwa tana da haɗarinta. Kututturen da muke bari shi ma yana da nauyi kuma yana da mai saye. Wata mace da ni na riƙe mata ƙyalle a ido, bayan kusan shekara aka aiko mini da hotonta an kashe ta saboda abin da bai kai dunƙulen hannu biyu ba, ɗanta yana tsaye a gefen gawar, kuma mutanen wurin ba su yi shakkar cewa daga cikin gida labarin inda take ya fita ba. Zimbabuwe ta ga irin wannan a gandun Hwange a farkon shekarun 1990, inda aka yanke ƙahoni amma kuɗin sintiri ya yanke, aka zo aka karkashe dabbobin. An kuma gano cewa baƙar karkandar da aka yanke wa ƙaho tana tsuke yankin da take yawo kuma tana rage cuɗanya da 'yan'uwanta, abin da zai iya taɓa haihuwa. Sannan ɓarawon da ya tarar da gandunka babu ƙaho, gandun maƙwabcinka zai nufa.

Kiwo da halatta ciniki

Yanzu ga asalin tambayarka. Masu ra'ayinka suna da hujja mai ƙarfi, kuma da yawansu mutane ne da suka ƙarar da dukiyarsu wajen tsaron karkanda. Suna cewa haramci ya kusa shekara hamsin bai hana kisa ba, sai dai ya bar wa ɓarayi kasuwar su kaɗai. Suna cewa fiye da rabin karkandar Afirka ta Kudu a hannun masu gandaye masu zaman kansu take, suna biyan kuɗin tsaro daga aljihunsu ba tare da samun komai ba, har wasu sun fara rabuwa da dabbobin. Babban namiji yana iya ba da kusan kilo guda na ƙaho a shekara har tsawon rayuwarsa, alhali mafarauci kilo biyar ko shida zai samu sau ɗaya tak, ga kuma tarin ƙahoni a rumbunan gwamnati da na 'yan kasuwa. Suna kafa misali da kada, wadda kiwonta don fata ya rage farautar ta daji a ƙasashe da dama.

An ma gwada kiwon. Wani attajiri mai suna John Hume ya tara farar karkanda kusan 2,000 a gonarsa da ke Afirka ta Kudu, yana yanke ƙahoninsu yana ajiyewa, yana jiran ranar da za a buɗe kasuwa. Ya kai gwamnati kotu, kuma a 2017 aka ɗage dakatarwar da aka yi wa cinikin ƙaho a cikin gida tun 2009, sai dai masu sayen gaske suna Asiya, ƙofar waje kuma tana rufe. Kuɗinsa suka ƙare, ya sa gonar a gwanjo a 2023 babu wanda ya taya, daga ƙarshe ƙungiyar African Parks mai kula da gandayen daji ta saye ta da niyyar mayar da dabbobin daji cikin shekara goma. Wannan ya nuna karkanda tana kiwatuwa kuma tana haihuwa a killace. Ƙasar Eswatini ma ta sha kai buƙatar a ba ta izinin sayar da ƙaho gaban taron CITES, a 2016 da 2019 da 2022, ana watsi da ita.

Ni dai ban goyi bayan buɗe kasuwar ba, kuma babban dalilina shi ne mun riga mun ga abin da ke faruwa idan aka bar ƙaramar kafa ta halal. Dokar Afirka ta Kudu ta yarda baƙo ya sayi izini ya harbi farar karkanda ya tafi da ƙahon gida a matsayin abin tunawa. Nan da nan gungun masu fasa-ƙwauri suka fara kawo mutanen da ba su taɓa riƙe bindiga ba, ciki har da matan Tailan da ake ɗauka hoto a gefen gawa a matsayin mafarauta, don kawai a samu takardar fitar da ƙaho. A 2012 kotu ta yanke wa wani ɗan Tailan, Chumlong Lemtongthai, ɗaurin shekara 40 kan wannan, kafin a rage masa a ɗaukaka ƙara. Idan takardar farauta kaɗai ta haifar da haka, ka auna abin da zai faru ranar da ƙaho ya samu shago da rasit. Da zarar an niƙa shi ya zama gari, ko an sassaƙa shi ya zama awarwaro, jami'in kwastan ba shi da hanyar rarrabe na gona da na sata a tsaye, kuma na sata kullum zai fi araha, tunda ɓarawo bai sayi ciyawa ba, bai biya mai gadi ba, harsashi kawai ya saya.

Dalili na biyu shi ne girman kasuwar. Haramci da jin kunya suna hana mutane da yawa saye a yau. Idan gwamnati ta buga hatimi, tamkar ta shaida cewa magani ne, kuma ko kaɗan daga cikin al'ummar Sin da Biyetnam suka shigo layi, duk gonakin duniya ba za su ƙosar da su ba. Binciken da aka yi tsakanin masu saye a Biyetnam ya kuma nuna sun fi son ƙahon dabbar daji, kamar yadda namu suka fi daraja zumar daji a kan ta kwalba. An yi gwaji makamancin wannan da hauren giwa a 2008, aka sayar wa Sin da Japan tan sama da ɗari daga rumbunan ƙasashen kudancin Afirka, shekarun da suka biyo baya kuma sun yi wa giwaye muni ƙwarai, ciki har da kisan ɗaruruwan giwaye da mahaya dawakai suka yi a Buba Njida, nan kusa da ku, a farkon 2012. Masana tattalin arziki suna gardama kan ko sayarwar ce ta jawo hakan, kuma ni likitan dabbobi ne, a wannan fage ra'ayina ra'ayin mai kallo ne. Abin da na sani daga fagena shi ne lissafin haihuwa: mace tana ɗaukar ciki wata 15 zuwa 16, ta haifi ɗa guda, ba za ta sake ba sai bayan shekara biyu da rabi zuwa uku. Idan aka buɗe kasuwa lissafin ya kuskure, farar karkanda ta kudu mai kusan 16,000 za ta iya jure 'yan shekaru kafin a gyara, amma ta Jawa, wadda a 2024 aka gurfanar da wasu mafarauta a Indunusiya kan kashe ta a gandun Ujung Kulon, ba ta da wannan sarari.

Inda aka samu nasara mai ɗorewa, ba ta hanyar sayar da ƙaho aka same ta ba. Kenya ta faɗo daga baƙar karkanda kusan 20,000 a 1970 zuwa ƙasa da 400 a shekarun 1980, ta killace sauran a ƙananan gandaye masu tsananin tsaro inda ake sanin kowace dabba da alamar kunnenta, ta tsaurara hukunci a dokar 2013, yanzu ta haura 1,000, kuma a 2020 ba a kashe ko ɗaya ba. Nefal ta haɗa soja da mutanen ƙauyukan da ke kewaye da gandun Chitwan, tana ba su kaso daga kuɗin masu yawon buɗe ido, ta kuma bi manyan dillalan har kurkuku, ƙidayarta ta 2021 ta nuna 752. Jihar Assam ta Indiya ta ƙone ƙahoni 2,479 a bainar jama'a a 2021, kuma a 2022 ta wuce shekara guda cur ba a kashe mata karkanda ba. A arewa maso yammacin Namibiya kuwa, makiyayan yankin ne ake biya su bi sawun baƙar karkanda a fili marar shinge, domin masaukan baƙi da ke ba ƙauyukansu kuɗi saboda ita suke cika.

Game da ganinta da idonka, wuri mafi kusa da Garwa shi ne gandun dajin Zakuma a kudu maso gabashin Chadi, inda rabon da a ga karkanda tun 1972. A watan Mayun 2018 aka kawo baƙar karkanda shida daga Afirka ta Kudu a jirgin sama, huɗu suka mutu cikin 'yan watanni ba tare da an harbe su ba, binciken likitoci ya danganta mutuwar da rashin sabo da ganyayen wurin, mata biyu suka tsira. A watan Disambar 2023 aka ƙaro biyar. Daga reshen kudancin Afirka suke, 'yan'uwan wadda kakanka ya gani ne, kuma ana tsaron su dare da rana, ganinsu sai da sa'a da izinin masu gandun. Idan Allah ya ba ka iko ka yi niyya, ka tafi da rani, tsakanin Disamba da Afrilu, domin da damina ruwa yakan malale filayen Zakuma ya rufe hanyoyin mota.